Motata tana jan sitiyari da kanta a hanyar Birnin Kebbi: lalacewa ce ko haka aka ƙera ta?

Dan_Arkilla
Assalamu alaikum, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Wata huɗu ke nan da na sayi wata mota ta hannu, ƙirar 2019, wadda aka shigo da ita daga Amurka, kuma dillalin ya ɗora mini kuɗi a kanta da hujjar cewa tana da na'urar da ke riƙe mota a cikin layinta ko da direba ya shagala. Aikina yana kai ni Birnin Kebbi kusan kowane mako, ina bi ta Bodinga da Tambuwal da Jega, don haka na ɗauka abin zai amfane ni. A wasu wurare alamar layi biyu da ke kan dashbod takan yi kore, in ji sitiyari yana gyara kansa a hankali, bayan 'yan mintoci kuma sai alamar ta koma ruwan toka ba tare da wata ƙara ba, motar ta bar ni da kaina. Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ranar Alhamis da ta wuce. Na karkata hagu domin in kauce wa wani rami, sai na ji sitiyari yana ja na dama, wato wajen ramin da nake gudu. Na fi ƙarfinsa, na wuce lafiya, amma gabana ya faɗi ƙwarai. Shin na'urar ce ta lalace, ko kuwa haka aikinta yake? Idan haka take, me ya sa ake kiranta mataimakiyar direba?

Injiniya_Mabera
Wa alaikumus salam, Malam. Daga bayaninka, ban ga alamar lalacewa ba. Duba bayan madubin da ke tsakiyar gilashin gabanka, za ka ga wani ɗan akwati. A cikinsa akwai kyamara, kuma ita kaɗai ce idon wannan na'ura. Abin da take nema shi ne fari ko rawayan fenti a kan baƙar kwalta. Idan ta ga layin, kwamfutar motar takan lissafa tazarar da ke tsakanin taya da fentin, sannan ta umarci injin lantarkin da ke taimaka wa sitiyari ya ɗan murɗa. Idan fentin ya goge, ko yashi ya rufe shi, ko ma ba a taɓa shafa shi ba, alamar takan dusashe, ma'ana na'urar ta janye hannunta. Game da ramin kuwa, ɓangaren da ke kula da layi bai san rami ba. Ya ga kana tsallake layin tsakiya ba tare da ka sa sigina ba, sai ya ɗauka gyangyaɗi kake yi. Da ka sa sigina kafin ka karkata, da bai taɓa sitiyarin ba, domin haka aka tsara shi.

Direban_Illela
Injiniya, Allah ya ƙara sani, amma a nan ne maganar ta ba ni dariya. Shekara goma sha bakwai ina jigilar fasinja tsakanin Sakkwato da Illela, kuma ban taɓa ganin direban da ke sa sigina domin rami ba. Rami yakan bayyana ne kana daf da shi, musamman da damina idan ruwa ya cika shi, kuma hannu yakan riga tunani. Idan har sai na sanar da mota kafin in ceci tayata, to mota ce aka yi wa wata ƙasa, ba tamu ba.

Injiniya_Mabera
Gaskiyarka, Alhaji, kuma ban ce laifin Dan_Arkilla ba ne. Dalilin abin da ya ji kawai na bayyana. Sai dai in ƙara da cewa da gangan aka taƙaita ƙarfin da na'urar ke sa wa sitiyari, yadda hannun direba zai rinjaye shi a kowane lokaci, kamar yadda shi ma ya shaida.

Sakkwatawa77
Ni a sanina na'urar rada (radar) ce take yin wannan aiki, wadda ke bayan tambarin motar a gaba. Wani makaniki ya gaya mini cewa idan aka wanke tambarin da kyau komai zai daidaita.

Rewaya_Tudun_Wada
Ɗan'uwa Sakkwatawa77, makanikin ya haɗa abu biyu ne. Radar da ke bayan tambari tana auna nisan motar da ke gabanka, domin birkin gaggawa da kuma na'urar da ke daidaita gudu. Rada ba ta bambance fenti da kwalta, tunda duka biyun shimfiɗe suke. Aikin layi na kyamara ne, kamar yadda Injiniya ya faɗa.

Tunda aikin wayarin mota ne sana'ata, bari in faɗi abin da nake gani a gareji, domin da yawa daga motocin da ake kawo mana matsalarsu ta samo asali ne tun kafin su shigo ƙasar nan. Motoci da dama da ake sayowa a gwanjon Amurka sun yi haɗari, an canja musu gilashin gaba ko bamba. Duk lokacin da aka canja gilashin gaba, ko aka cire kyamarar aka mayar, dole ne a sake saita ta da allon gwaji da kwamfuta, a kan ƙasa mai daidai, wasu kuma sai an tuƙa su a titi mai layi kafin saitin ya kammala. Karkata kaɗan a wurin kyamara kan zama kuskure mai yawa a mita hamsin gaba. Mai sa gilashi a nan yakan manna kyamarar ya ce an gama, kuma babu fitilar da za ta kama a dashbod domin ta tona asirin. Haka ma idan alaimen ɗin tayoyi ya kauce, ko aka ɗaga motar, ko aka sa mata tayar da ba girmanta ba. Har lodi yana shafar ta: ka cika but da buhunan albasa ko shinkafa, bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga, kyamarar ta koma kallon wurin da ba a saita ta a kansa ba. Saboda haka ba zan yanke hukunci cewa motar Dan_Arkilla lafiya lau take ba sai na ga ko gilashinta na asali ne.

Hajiya_Runjin_Sambo
Ina neman ƙarin bayani daga masana. Tawa motar ƙara kawai take yi, ba ta taɓa jan sitiyari ba, ta maigidana kuma takan ja. Shin tawa ce ba ta aiki yadda ya kamata?

Malamin_Fisiks
Hajiya, wataƙila motarki lafiyarta ƙalau. Abubuwa uku ne mutane ke kira da suna ɗaya. Na farko mai gargaɗi ne kawai, ya yi ƙara ko ya girgiza sitiyari idan an kusa tsallake layi, kuma da alama shi ne a motarki. Na biyu yakan jira sai mota ta kusa fita, sannan ya ture ta ciki, ko ta hanyar sitiyari ko ta taka birkin tayoyin gefe ɗaya. Na uku shi ne wanda ke ƙoƙarin riƙe mota a tsakiyar layi koyaushe, irin wanda Toyota ta ƙara a tsarinta na Toyota Safety Sense wajen 2018, ko wanda Honda ke sa wa maɓallin da aka rubuta LKAS. Ko wannan na ukun, a ma'aunin da injiniyoyin mota ke amfani da shi mai hawa daga sifili zuwa biyar, bai wuce mataki na ɗaya ba, idan kuma aka haɗa shi da mai daidaita gudu ya zama na biyu. A matakan nan duka direba ne ke tuƙi, kuma shi ke da alhakin abin da ya faru.

Akwai kuma batun gudu, wanda ban ga an ambata ba. A yawancin motocin Honda da aka yi wa kasuwar Amurka, mai riƙe layin yana aiki ne daga kilomita 72 zuwa 145 a awa, na gargaɗin Toyota kuma yakan fara daga wajen kilomita 50. Wanda ke yawo tsakanin Gawon Nama da titin Ahmadu Bello, inda doka ta tsayar da gudun cikin gari a kilomita 50, yana iya shekara da mota bai ji na'urar ta motsa ba. Ita ma alamar Dan_Arkilla tana iya dusashewa ne saboda ya rage gudu a shingen jami'an tsaro ko a tsakiyar wani ƙauye, ko da fentin yana nan.

Baba_Tsohon_Direba
'Ya'yana, ina karanta ku ina jinjina kai. Na fara riƙe sitiyari tun ana tuƙi ta hannun hagu, kafin a mayar da mu dama a watan Afrilu na 1972. A lokacinmu maganin gyangyaɗi shi ne goro, da yaron mota mai surutu, da kuma tsayawa a gindin bishiya idan ido ya yi nauyi. Tsorona da wannan abu shi ne ya koya wa yaro sakin jiki. Wanda ya san babu mai riƙe masa mota ba ya duba waya. Wanda aka gaya wa cewa motarsa tana da hankali, shi ne zai saki hannu a wurin da fenti ya ƙare.

Ummu_Khalil
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka abin dubawa ce, amma ina neman izinin in kawo ɗaya ɓangaren, domin ni wannan na'ura ta taɓa yi mini rana. Ina aikin jinya, kuma wata safiya bayan aikin dare na kama hanyar gida, a wani yanki na titi da aka sabunta aka shafa masa layi. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Girgizar sitiyari da ƙara ne suka farkar da ni, tayar dama tana daf da sauka daga kwalta, kuma akwai yara 'yan makaranta a gefen hanya. Tun daga ranar ba na tuƙi bayan aikin dare sai na ɗan kwanta, amma ba zan iya cewa abin ba shi da amfani ba. Ya yi aiki sau ɗaya a wurin da ya dace, kuma wannan sau ɗayan ya ishe ni.

Gwadabawa_a_Ingila
Alhamdu lillahi da Allah ya kiyaye, 'yar'uwa. Abin da ya same ki ya yi daidai da abin da bincike ya nuna. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta fitar da nazari a 2017 da ya gano cewa na'urar gargaɗin fita daga layi ta rage irin haɗurran da suka shafe ta, wato sauka daga titi da gogar gefe da taho-mu-gama, da kashi 11 cikin ɗari, waɗanda aka ji rauni a cikinsu kuma da kashi 21. Tarayyar Turai ta wajabta na'urar riƙe layi ta gaggawa a kan sababbin samfuran motoci daga Yulin 2022, sannan a kan duk sabuwar motar da za a sayar daga Yulin 2024.

Sai dai kada a ɗauka cewa a ƙasashen da ke da fenti abin ba ya kuskure. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wasu motoci a 2021 ta hanyar fesa wa gilashinsu ruwa kamar ana ruwan sama, sai motocin suka fita daga layinsu a kashi 69 cikin ɗari na gwajin. Kuma a watan Maris na 2018 wata mota ƙirar Tesla ta daki shingen kankare a babbar hanyar 101 a Kalifoniya, direban ya rasu. Masu binciken gwamnati sun gano cewa motar ta bi wani layi ne a wurin da hanya ta rabu biyu kuma fentin ɗaya ɓangaren ya dusashe, direban kuma hankalinsa ba ya kan titi. A nan inda nake, a ƙananan hanyoyin karkara masu ƙunci, mutane da yawa suna kashe na'urar riƙe layin da zarar sun tayar da mota, saboda takan ture su tsakiya daidai lokacin da suke matsawa gefe domin ba wata mota hanya.

Direban_Illela
To ka ji. Idan ruwan da aka fesa da gangan ya rikita ta haka, ina ga hazon watan Janairu a nan, lokacin da ko tirela ba ka hangowa sai ta matso?

Injiniya_Mabera
Wannan tambaya ta Alhaji ita ce ta fi dacewa da mu. Kyamara da bambancin haske take aiki, kuma yanayinmu yana cin wannan bambanci ta fuskoki da dama. Da hunturu ƙura takan kwanta a kan gilashi daidai gaban kyamarar, wurin da hannun mai goge gilashi ba koyaushe yake kaiwa ba, sannan hazo ya mayar da kwalta da fenti launi ɗaya. Iska takan kwaso yashi ta shimfiɗa a bakin titi, layin gefe ya ɓace, wani lokaci ma bakin yashin ya yi kama da layi. Wanda ya nufi Kebbi bayan la'asar yana da rana a fuskarsa a wurare da yawa, kuma abin da ke kashe maka ido yana kashe wa kyamara nata. Da bazara kuwa, a watannin Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, motar da aka ajiye a rana gilashinta yakan yi zafin da kyamarar za ta kashe kanta domin kare kayan cikinta, sai saƙo ya fito cewa ba ta samuwa na ɗan lokaci, har sai iyakwandishan ta sanyaya wurin. Masu manna baƙar leda ko sitika a saman gilashi su ma su lura.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne layin ƙarya, domin rashin layi yakan sa na'urar ta yi shiru ne kawai. Facin kwalta mai tsawo, sawun birkin tirela, inuwar turakun lantarki, da kuma tsohon fenti a wurin da ake aikin hanya aka karkatar da motoci zuwa hannu ɗaya, duk tana iya ɗaukar su a matsayin layi ta bi. A irin wurin nan ni kashe ta nake yi.

Dan_Kasuwar_Kara
Ni kam maganar kuɗi ta dame ni. Dillalai suna ƙara farashi da sunan motar tana tuƙa kanta, kuma idan gilashin ya fashe, wanda ke da mazaunin kyamara ya fi na gama-gari tsada nesa ba kusa ba, ga kuɗin saiti. Mutum ya biya sau biyu domin abin da zai yi masa aiki a rabin hanya. Da kuɗin ne ma aka sa a fentin titi, da kowa ya amfana, har mai tsohuwar Peugeot.

Malamin_Fisiks
Alhaji, a wannan gaɓar ina tare da kai. Layin titi yana taimaka wa idon ɗan'adam da dare tun kafin a ƙirƙiro kyamara, kuma ya kamata masu bayar da kwangilar hanya su riƙa ɗaukar sabunta fenti a matsayin wani ɓangare na kula da titi. Ina fatan babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Illela a watan Oktoban 2024, za ta samu layi mai kyau da kuma wanda zai riƙa sabunta shi. Amma ko an shafa fenti ko'ina, akwai abin da zai rage. Na'urar ta ginu ne a kan zaton cewa kowa yana cikin layinsa. A hanyoyinmu direba yakan matsa domin ɗan kabu-kabu, ko amalanken shanu, ko raƙumi da kaya, ko motar da ta fito wuce wata ta shigo hannunsa. A nan barin layi shi ne tsira, na'urar kuma tana ganinsa a matsayin kuskure muddin ba a sa sigina ba.

Sakkwatawa77
Na karɓi gyaran Rewaya, na gode. Wata tambayar: na ga bidiyon da ake ɗaura robar ruwa a sitiyari domin motar ta daina ƙarar neman a riƙe ta. Yana aiki?

Rewaya_Tudun_Wada
Don Allah kada ka gwada. Yawancin motocin nan nauyin da ke kan sitiyari suke aunawa domin su san ko hannunka yana wurin, shi ya sa ake iya yaudarar su, amma wannan ƙarar ita ce kariya ta ƙarshe da ta rage maka. A ƙa'idar da Turai ke bi, idan ka saki hannu motar za ta nuna gargaɗi cikin daƙiƙa 15, ta fara ƙara cikin daƙiƙa 30, idan ka ci gaba ta kashe taimakon gaba ɗaya. Ka lissafa: a gudun kilomita 100 a awa mota tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan fenti ya ƙare a bakin kwana kana duba waya, daƙiƙa biyu sun isa ka tsinci kanka a gonar gero. Ita kwana mai tsanani ma, ko da layi, ƙarfin na'urar ba ya isa ya juya motar.

Baba_Tsohon_Direba
Ummu_Khalil, 'yata, na ji labarinki kuma na gode wa Allah. Ban ce a cire abin ba. Amma ki lura cewa ke da kanki kin koma ga maganin da na faɗa, wato kwanciya kafin tuƙi.

Ummu_Khalil
Haka ne, Baba. Sai dai da ba ta tashe ni ba a ranar, da ban samu damar koyon darasin ba.

Dan_Arkilla
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya na duba gilashin kamar yadda Rewaya ya ba da shawara, na tarar tambarin da ke kusurwarsa ya bambanta da na sauran gilasan motar, wanda ke nuna an taɓa canja shi, kuma dillalin bai gaya mini ba. Na kuma gano a cikin saitin dashbod cewa ana iya kashe jan sitiyari a bar gargaɗin ƙara kaɗai, haka na bar ta a yanzu. Abin da ban yanke ba shi ne ko ya dace in kashe kuɗi a saita kyamarar, tunda ko ta daidaita, rabin hanyar da nake bi ba ta da abin da za ta gani. Malam Rewaya, shin akwai masu allon saitin nan a cikin Sakkwato, ko sai an kai motar Kano ko Abuja?

Rewaya_Tudun_Wada
Kafin maganar tafiya, kawo ta a sa mata kwamfuta a ga ko kyamarar ta ajiye wani kuskure, a kuma duba alaimen. Ka tuna kuma cewa a motoci da yawa wannan kyamarar ce take taimaka wa birkin gaggawa, don haka saitin bai tsaya kan layi kaɗai ba. Wasu motocin kuma sukan mayar da jan sitiyarin duk lokacin da aka tayar da su, saboda haka ka duba saitin naka gobe da safe kafin ka kama hanya.

Direban_Illela
Ni dai har yanzu ban ji wanda ya amsa mini batun sigina da rami ba.